Ranar da Gwamna Ya Haye Gada

Gidan abincin Velma Stroud shi ne gini na ƙarshe a jiharmu ta ɓangaren yamma. Kana fita ƙofarsa ka yi ɗan taku sai ka hau gada, kana kaiwa tsakiyar gadar kuwa ka bar jiharmu ka shiga ta maƙwabta. Duk Amurka ce, tuta ɗaya, dala ɗaya, amma kowace jiha da tsarin mulkinta da gwamnanta, kuma mutanen garinmu Pruett ba sa wasa da wannan. Direbobin manyan motoci sun san gidan saboda soyayyiyar tarwaɗa da burodin masara. 'Yan gari kuwa sun fi saninsa saboda bakin mai shi.

Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta duk tabon mai. Kowa Mis Velma yake ce mata, har fasto, duk da ta yi aure ta haihu ta binne miji. Ba ta iya ha'inci ba, ba ta kuma iya haƙuri ba, abin da ke ranta shi ke bakinta. In ka rage abinci a faranti sai ta tambaye ka dalili, in ka ce ka ƙoshi ta ce ƙarya kake yi. Abu biyu ta gada a wajen ubanta, kaskon ƙarfe da ra'ayin siyasa, kuma na biyun ya fi na farkon tauri.

Uban nata, Eldon, manomin auduga ne. Tun tana yarinya yake ɗaukarta a tsohuwar motarsa ranar zaɓe, duk hanya karatu ɗaya yake biya mata.

"Buɗe kunnenki, Velma. Kakanninmu sun taɓa yin wani gwamna da ya haɗa komai a hannunsa. Shi ke naɗa ma'aji, shi ke naɗa lauya, shi ke naɗa mai ƙirga ƙuri'a. Kafin a farga ya kusa sayar wa masu jirgin ƙasa rabin jihar. Da Allah ya raba su da shi sai suka zauna suka sake rubuta tsarin mulki, suka yayyanka kujerar gunduwa-gunduwa. Gwamna zaɓensa daban, Mataimakinsa zaɓensa daban. Babban lauyan jiha, ma'aji, sakataren jiha, har kwamishinan gona, kowa mu muke zaɓensa da hannunmu, kuma Gwamna ba shi da ikon korar ko ɗaya a cikinsu. Kin san dalili?"

"Don su riƙa sa wa juna ido, Baba."

"Yauwa, 'yar gari! To in kin ba wannan jam'iyyar Gwamna, ki ba waccan Mataimaki. Kada ki kuskura ki danƙa wa gida ɗaya makullan duka. Nemo mutum biyu da ba sa ga maciji, ki ɗaure su a turke ɗaya, ki koma gida ki yi barcinki."

Velma ta riƙe wannan magana fiye da yadda ta riƙe wa'azin Lahadi. Duk lokacin zaɓe gidan abincinta makaranta yake komawa. Manomi zai shigo ya cire hula ya ce, "Mis Velma, yaya za mu raba su bana?" Ita kuma tana juya kifi tana ba da fatawa, wane a ba shi Gwamna, wane a ba shi Mataimaki, ma'aji kuma a nemo wanda ba ya shiri da su duka biyun. Mutane suna dariya, amma suna bin abin da ta ce.

Haka aka yi har aka samu Gwamna Tolliver da Mataimakinsa Lassiter. Tolliver dogo ne mai farin gashi da zaƙin baki, irin mutumin da za ka shiga wajensa da kuka ka fito kana godiya, sai ka kai gida ka tuna bai yi maka komai ba. Lassiter kuwa siriri ne mai ɗaurarriyar fuska, tun ranar da aka rantsar da shi idonsa na kan kujerar ubangidansa. Ko a jana'iza suka haɗu ba sa gaisawa. Velma in ta ga haka a jarida sai ta buga teburi ta ce, "Wannan karon na haɗa su daidai!"

Akwai wani sashe a tsarin mulkin da marigayi Eldon bai cika tsayawa a kansa ba. An rubuta shi tun zamanin doki da keken shanu, lokacin da gwamna in ya yi tafiya sai a yi watanni ba a ji ɗuriyarsa ba. Sashen ya ce da zarar Gwamna ya sa ƙafa a wajen jiha, ikonsa kaf ya koma hannun Mataimaki har sai ya dawo. Ba ruwan sashen da ko tafiyar wata ce ko ta cin abincin rana. Waya ta zo, jirgin sama ya zo, sashen na nan daram, don duk wanda ke da ikon gyara shi yana fatan wata rana shi zai ci moriyarsa.

To surukan Tolliver suna da gona a ƙetaren kogi, shi kuma yana son farautar agwagi kamar ransa. Sai ya riƙa sulalewa ta gadarmu ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya yi yininsa ya dawo. Da Lassiter ya gano haka sai ya nemo wani tsohon ma'aikacin gidan waya mai suna Wendell Coker, ya sa aka ba shi muƙamin mai duba gadoji. Gada ɗaya tak Wendell ya taɓa dubawa a rayuwarsa, ita ma ta tagar Velma. Kullum yana teburin da ke jikin taga, kofinsa a gaba, jarida a hannu. In motar da Gwamna ke ciki ta haye sai ya tashi ya je wayar da ke bango kusa da firiji, ya kira babban birni. 'Yan gari suka sa masa suna Idon Mataimaki.

"Mis Velma, ƙaro mini kofi, wannan ya huce."

"Ba dole ya huce ba, ka ƙura wa gada ido kamar wanda matarsa ta gudu ta can."

"Ai da ta gudu da na huta, da ni zan biya mata kuɗin mota."

"Bari ta shigo, zan maimaita mata."

"Haba Mis Velma, wasa ma ba a yi?"

Abin da Lassiter ke yi da 'yan sa'o'in nan nasa shi ne abin dariyar gari. Wata rana ya naɗa ƙanin matarsa a hukumar kula da kamun kifi. Wata rana ya sa aka kwashe kujerun ofishin Gwamna aka kai nasa. Tolliver ya dawo ya yi ta kumfar baki a rediyo, Velma kuwa har da riƙe ciki. A ganinta aikin da ubanta ya faɗa ke nan ake yi. Don haka ba ta taɓa karɓar ko kwabo a kan wayar ba, kuma tunda Wendell gyangyaɗi ya yi masa yawa, sau da dama ita ke hango motar ta daka masa tsawa, "Tashi, ga naka can ya haye!"

Abu ɗaya ne ba a yi wa Velma wasa da shi, shi ne ɗanta Curtis. Shi kaɗai Allah ya ba ta. Yana ɗan shekara sha tara wani abokinsa ya ce ya kai shi kanti a mota ya jira shi a waje. Abokin ya shiga da bindiga, ya fito a guje, mai kantin ya samu rauni a kafaɗa. Curtis ya san abin da aka je yi ko bai sani ba, wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa. Velma dai ba ta taɓa cewa ɗanta waliyyi ba ne. Alƙali ya yanke masa shekara talatin. Abokin da ya yi harbin ya samu lauya mai tsada ya riga shi fitowa, Curtis kuwa ya shiga da ƙuruciyarsa ga shi har furfura ta fara leƙo masa. Ubansa Orval ya rasu yana ciki, ba a bar shi ya zo ko bakin kabari ba.

Duk Lahadin farko ta wata Velma takan rufe shago bayan coci, ta kama hanyar gidan yari da kek ɗin tuffa a kwali. Masu gadi su caccake shi da cokali kafin su bari a shiga da shi, ita kuma ta tsaya tana kallonsu tana cewa, "Ku duba da kyau, na ɓoye jirgin sama a ciki." A can Curtis ya koyi girki, har ya zama shi ke riƙe da kicin ɗin fursunoni. Burin uwa da ɗa bai wuce ɗaya ba, ya fito ya karɓi kaskon kakansa ita ta zauna ta miƙe ƙafa, don gwiwoyinta sun fara kai ƙara.

A ƙarshe kwamitin afuwa ya zauna a kan maganarsa. Shugaban gidan yari ya yabe shi, fasto ya je ya yi magana, har mai kantin da aka harba ya aiko cewa shi ya yafe tuntuni. Kwamiti ya ba da shawarar a sake shi. Amma shawara kawai kwamiti ke bayarwa, tsarin mulki ya ce sa hannu na Gwamna ne. Takardar Curtis ta hau teburin Tolliver tare da na wasu mutum goma sha wani abu, ta yi zamanta.

Lokacin yaƙin neman zaɓe Tolliver ya tsaya a gidan Velma da masu ɗaukar hoto. Ya ci kek har yanka biyu, ya kama hannunta da hannuwansa duka biyu.

"Mis Velma, maganar Curtis tana nan a zuciyata. Bari dai a wuce zaɓen nan, kin san 'yan adawa da neman abin faɗa."

"Ranka ya daɗe, zaɓe ya daɗe yana wucewa, yaron nan yana ciki."

"Na ba ki kalmata."

Ta ba shi ƙuri'arta, ta kuma ba Lassiter ta Mataimaki kamar yadda ta saba, ta sa rabin gari suka yi haka. Aka wuce zaɓe, aka ce a bari majalisa ta tashi. Majalisa ta tashi, aka ce a bari a gama bikin Kirsimeti. Gaskiyar maganar ita ce Tolliver yana hangen kujerar sanata, kuma ba ya so a ce ya saki masu laifi. Ba ya kuma so a ce ya saɓa wa tsohuwa alkawari, don jaridar yankinmu ta buga hotonsa riƙe da hannunta. Velma ta dame shi da waya, fasto ya dame shi, har ranar da sakatariyarsa ta kira ta ce Juma'a mai zuwa Gwamna zai zauna ya sa hannu a kan takardun duka.

Ranar Velma ba ta karɓi kuɗin kofin kowa ba. Ta sa aka yi wa ɗakin Curtis fenti, ta wanke labule, ta ɗinka sabuwar rigar girki fara ta saƙa sunansa da jan zare a ƙirji, ta rataye ta a ƙusa a bakin ƙofar kicin. Duk wanda ya shigo sai ta nuna masa. Wani direba ya ce ai sunan ya karkace, ta ce idonsa ne ya karkace.

Ranar Alhamis da hantsi gidan ya cika da masu karin kumallo. Wendell na teburinsa, haɓarsa ta faɗa kan ƙirji, jarida ta zame ƙasa. Velma ta ɗauko butar kofi za ta zagaya, sai ta ji hon. Ta ɗaga kai ta ga baƙar motar Gwamna tana tafe a hankali, tutoci biyu a goshi, ɗan sanda a kan babur yana gaba. Ba haka Tolliver ya saba wucewa ba. Da can a motar surukinsa yake sulalewa, hula ta rufe masa fuska. Amma wanda ke cikin murna ba ya tsayawa lissafi, ga kuma sabo na shekara da shekaru. Bakinta ya riga tunaninta.

"Wendell! Tashi, ga naka can ya haye!"

Aka kwashe da dariya. Wendell ya farka firgigit, ya leƙa taga, ya kuma dubi Velma wani irin kallo da ba ta gane ba a lokacin. Ya ja ƙafa ya je bango ya ɗauki waya. Velma har tana yi masa tsiya, "Ka gaya wa ubangidanka ya bar musu kujera ɗaya, gobe Gwamna zai zauna ya yi mini aiki."

Da la'asar tana goge teburi rediyon da ke kan firiji ya katse kiɗa. Muryar Lassiter ce, yana magana daga ofishin Gwamna, a kan kujerar Gwamna. Ya ce a matsayinsa na mai riƙon jiha ya duba takardun afuwar da ke kan tebur ya ƙi su gaba ɗaya, don muddin yana numfashi ba za a buɗe wa 'yan fashi ƙofa su koma cikin iyalanmu ba. Ya shiga karanto sunaye ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran 'yan makaranta. Na Curtis Stroud ya zo a tsakiya, ko daidai bai faɗe shi ba. Mai labarai ya ƙara da cewa a dokar jiha wanda aka ƙi ba zai sake nema ba sai bayan shekara biyar.

Tsumman ya faɗi daga hannun Velma, ta nemi kujera ta zauna, abin da ba a taɓa ganin ta yi ba a lokacin aiki. Masu cin abinci suka riƙa ajiye kuɗi a teburi suna fita ɗaya-ɗaya, ba mai iya haɗa ido da ita. Sai Wendell kaɗai ya rage, yana murza hularsa.

"Ni na tashe ka," ta ce. "Da bakina."

"Mis Velma, ko ba ki tashe ni ba..."

"Ko ban tashe ka ba me?"

Ya sha jinin jikinsa, ya dubi ƙofa, ya ga ba mafita. "Jiya da yamma an kira ni a gida. An ce in tabbata ina bakin taga yau da hantsi, kada in yi barci."

"Mutanen Lassiter?"

"A'a." Ya girgiza kai. "Daga ofishin Gwamna. Sakatariyarsa ce da kanta. Wallahi ban san abin da za a yi ba, na ɗauka irin shirmen da aka saba ne."

Sai yanzu Velma ta gane hon ɗin nan, da tutocin, da tafiyar hawainiyar da motar ta yi. Mutum biyun da ba sa gaisawa a jana'iza, ashe in aiki ya taso sun san lambar juna. Lassiter ya samu abin da zai yi tutiya da shi a zaɓe mai zuwa, Tolliver ya rabu da alkawari ba tare da ya saɓa ba, kowa ya ɗauki rabonsa. Wannan ba siyasa ba ce, rashin imani ne tsagwaronsa, kuma da ran ɗan mutane aka yi cinikin.

Abin da ya fi ciwo shi ne mutumin bai ko ji kunyar tsayawa ba. Rana na shirin faɗuwa baƙar motar ta dawo ta gadar, ta yi fakin a ƙofar gidan. Tolliver ya shigo riƙe da hula a ƙirji, fuska a marairaice, mai ɗaukar hoto na biye da shi.

"Mis Velma, yanzu nake ji a rediyon mota. Raina ya ɓaci matuƙa. Ɗan yini guda na je duba surukina, mutumin nan ya yi mini wannan aika-aika."

"Ya jikin surukin naka, ranka ya daɗe?"

"Da sauƙi, da sauƙi."

"Agwagin fa? Sun samu?"

Ya yi kamar bai ji ba. "Kin san tsarin mulkinmu. Ni ban naɗa shi ba, ba ni kuma da ikon korarsa. Abin da ya sa wa hannu yana riƙe da jiha, ya zauna ke nan. Jama'a ne suka zaɓe shi." Ya ɗan sassauta murya. "Na ji ma an ce a yankin nan ya samu ƙuri'a sosai."

Nan ne ya taka inda ba a takawa. Velma ta miƙe, gwiwoyin da ke ciwo suka manta da ciwon.

"Ni na ba shi, ba sai an gaya maka ba. Na ba shi don ya sa maka ido, na ba ka don ka sa masa ido. Ban san kwano ɗaya kuke ci ba. Alƙalami ya fi wata shida a aljihunka, me ya hana ka sa hannu kafin ka haye? Nauyi ya yi maka? Shekara nawa kana bin gadar nan kamar ɓarawon kaji, sai yau ka ga damar zuwa da tuta da hon?"

"Mis Velma, ɓacin rai ne ke sa ki..."

"Ɓacin rai ne, kuma ina da gaskiyata! Shi wancan ya fito ya ce ya ƙi, kowa ya ji muryarsa, mugu ne amma da sunansa ya yi. Kai kuwa ka ari hannun wani ka mari tsohuwa, sannan ka zo yi mata jaje. Kai, ɗauki hoton mana, me ka tsaya yi? Ba abin da aka kawo ka yi ba ke nan?"

Mai hoton ya sauke na'urarsa. Gwamna ya mayar da hularsa, ya ce zai sa ta a addu'a. Ta ce ya riƙe addu'arsa, zai buƙace ta. Da ya juya zai fita ta ƙara da cewa, "Kek ɗin da ka ci yanka biyu ma ban yafe ba."

Lahadi ta kama hanyar gidan yari. Wannan karon masu gadi ba su caccaki kek ɗin ba, suka miƙa mata kwalin ba tare da sun ɗago kai ba. Curtis ya riga ya ji, don akwai rediyo a kicin ɗinsu, yana yanka albasa aka kira sunansa. Ya zauna a gabanta, ya rame a 'yan kwanakin nan, amma shi ne ke ƙoƙarin murmushi.

"Mama, kin ci abinci kuwa?"

Ta gaya masa komai, hon ɗin, da wayar, da wanda ya tashi Wendell daga barci. Ba ta rage ko ɗaya ba, don ba ta iya ragewa ba.

"Da ba ki tashe shi ba, da wani ya tashe shi," in ji Curtis. "Sun riga sun gama shirinsu."

"Na sani. Amma da ba muryata ba ce."

Ya juya cokalin roba a hannu. "Fasto ya ce kin yi wa ɗakin fenti. Ki sa ɗan haya, Mama. Ki nemi mai taya ki girki, gwiwoyin nan ba za su kai shekara biyar a tsaye ba. Rigar nan ma da aka ce kin ɗinka, ki cire ta daga ƙusa, kada ki riƙa kallonta kullum."

"Wa ya gaya maka ba za su kai ba? Kai ka haife ni ko ni na haife ka?"

Ya yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya, ya kifa kansa a kan teburi. Ta ɗora hannunta mai tabon mai a kan furfurar da ba ta ga lokacin da ta fito ba, har mai gadi ya ce lokaci ya yi.

Da zaɓe ya zagayo, Tolliver ya tafi majalisar dattawa, Lassiter ya hau kujerar da ya daɗe yana hange. Wani manomi da bai san inda aka kwana ba ya shigo ya cire hula ya ce, "Mis Velma, yaya za mu raba su bana?" Ta ajiye masa farantinsa ta ce, "Ci kifinka." Ranar zaɓen ta je ta yi layi kamar kowa, don 'yar Eldon ba ta zama a gida, amma ba wanda ya san abin da ta dangwala, ba ta kuma ƙara gaya wa kowa abin da zai yi ba.

Wendell bai sake takowa gidan ba. Teburinsa ta ja shi daga jikin taga ta jibge buhunan garin masara a wajen, har suka tare rabin gilashin. Tun washegarin da ta dawo daga wajen Curtis ta ɗauko guduma ta nufi bangon kicin, masu karin kumallo suka zaci rigar za ta sauke kamar yadda ya roƙe ta. Wayar ta ɓamɓare, da ita da igiyarta da ɗan katakon da ke riƙe da ita, ta kai bayan gida ta jefa a kwandon shara. Direbobi suna ƙorafi har yau cewa gidan abinci guda ba wayar da mutum zai kira iyalinsa, ita kuwa ko ta kansu ba ta bi.

Rigar tana nan a ƙusarta. Duk Asabar takan sauke ta ta wanke hayaƙin mai, ta goge, ta mayar, sannan ta koma bakin kasko a tsaye.